Hutun da Merle Ya Hana Orval

Akwai wani alƙalin wasan sofbol, wanda ake jefa ƙwallo a buga da sanda, a nan garinmu na jihar Kansas, sunansa Merle Tackett. Ya san dokar wasa ciki da waje, amma ba ya son a ɓata masa lokaci. Abin alfaharinsa shi ne wasan da ya yi wa alƙalanci ba ya wuce lokacin da aka ɗiba. Idan ɗan wasa ya ɗaga hannu yana neman a ɗan dakata, sai ya ce, "Mai son hutu ya tafi gida, akwai kujera."

Wata Asabar da rana, a tsakiyar zafin Yuli, ƙungiyoyin coci biyu suka kara. Mai jefa ƙwallo a ɗaya ɓangaren shi ne Orval Dunning, dattijo mai furfura, abokin Merle tun suna aiki tare a rumbun alkama. 'Yarsa Jolene ce ke tsugune gaban alƙali tana cafke ƙwallon.

Su Orval ne a gaba, lokaci kuma ya kusa cika. Sai Orval ya ɗaga hannu.

"Merle, ɗan dakata mana."

Merle ya yi dariya. "Na san wannan wayon, tsoho. So kake agogo ya ci maka wasa. Jefa!"

'Yan kallo suka fashe da dariya. Orval ma ya yi murmushin yaƙe, ya share gumi, ya jefa.

Jolene ta juyo. "Kawu Merle, don Allah dubi fuskar Baba. Bari in je wurinsa."

"Ɗazu kika je. Koma ki tsuguna."

Orval ya sake ɗaga hannu, ɗayan yana dafe da ƙirji. Merle bai ko cire abin kare fuskarsa ya duba da kyau ba.

"Orval, kana ɓata wa mutane lokaci!"

Dattijon ya ɗaga ƙwallon zai jefa, sai ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa, sannan ya kife a ƙasa. Jolene ta kwasa a guje tana ihu. Kafin motar asibiti ta isa da shi, rai ya yi halinsa.

Likita ya ce ciwon zuciya ne, kuma ko an dakata ba lallai ne ya tsira ba. Wannan magana ba ta sanyaya wa Merle rai ba.

Bayan jana'iza ya je gidan Orval da kwanon gasasshiyar taliya, ya tsaya a ƙofa ya kasa shiga. Matar marigayin, Darlene, ta fito ta karɓa.

"Darlene, ni ne na..."

"Ba kai ka kashe shi ba, Merle, ban kuma ce kai ne ba. Abin da ke ci min rai shi ne, Jolene tana kallonsa, ta kasa zuwa ta riƙe hannunsa. Kuma maganar ƙarshe da ya ji a duniya, abokinsa ne ke cewa yana ɓata wa mutane lokaci."

Ta shiga ta rufe ƙofa a hankali.

Babu wanda ya kori Merle. Shi da kansa ya mayar da kayan alƙalanci. Har yau idan ana wasa, za ka ga motarsa a bayan shinge, yana zaune ciki shi kaɗai.

Darasi: Idan mutum ya ce ka dakata masa, dubi fuskarsa kafin ka dubi agogo. Ba ka san abin da yake ji a jikinsa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da iko a kan wasu.