Ruwan da Kefas Ya Surka

Akwai wani manomi, sunansa Filibus, wanda jinkar ɗakin tsohuwarsa ta ruɓe har rana tana leƙo ta a kan gado. Bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, shucin da ke kusa da gari kuwa gobarar daji ta lashe shi tun da rani. Sai ya ɗaura wa jakinsa kaya, ya kira ƙanensa Kefas, magidanci mai 'ya'ya uku, suka kama hanyar wani kwari a gindin duwatsu, tafiyar yini guda, inda aka ce ciyawa tana nan tsaye. Suka yi shirin kwana huɗu. Guzurinsu garin rogo ne da ƙuli-ƙuli, da gishiri da sukari, da tukunya ɗaya, da jarkar ruwa wadda ta ƙare tun kafin su isa.

Shi Filibus ciwon ciki ya taɓa kai shi bakin kabari, shekarar da ya sha ruwan kududdufi a wata gona mai nisa. Tun daga nan ba ya wasa da ruwan daji.

Da suka isa kwarin suka tarar da ƙorama tana gudu, ruwanta garau, ana ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Kefas ya durƙusa zai kafa kai, Filibus ya riƙo wuyan rigarsa ta baya. Ya nuna masa sawun shanu da kashinsu a bakin ruwa, ya ce Allah kaɗai ya san abin da ke kwance can sama inda ruwan ya biyo, abin da ke kayar da mutum kuma ido ba ya ganinsa. Ya ce za su ɗiba su bar shi ya kwanta, su tace da ƙyalle mai tsabta, su dafa har ya tafasa yana birkiɗa, sa'an nan su rufe shi ya huce.

Kefas ya ce kakanninsu sun sha irin wannan ruwa har suka tsufa. Filibus ya ce waɗanda suka tsufa ake tunawa, waɗanda aka binne da ƙuruciya ba su zo sun ba da labari ba. Kefas ya nuna jakin, wanda ya riga ya cika cikinsa yana kaɗa wutsiya.

“To, kai jaki ne?” in ji Filibus.

Haka suka yini washegari, ana yankan ciyawa ana gardama. Sau uku Filibus yana ɗaga kai ya hango ƙanensa ya sulale wajen ƙorama, sau uku yana yar da lauje ya bi shi. Ga zafin rana, ga ƙaiƙayin ciyawa, ga ƙaton mutum mai gemu da sai an yi tsaronsa kamar akuya a gonar wake. Ran Filibus ya ɓaci har ya ce da ya sani da shi da jakin kaɗai suka zo.

Da rana ta yi tsaka sai Kefas ya sauko. Ya ce ya ji, ya kuma yarda, a bar masa aikin ruwan ma gaba ɗaya, Yaya ya ci gaba da yanka. Filibus ya yi hamdala. Daga inda yake yana hango hayaƙi, yana hango tukunya a kan duwatsu uku, yana ganin Kefas yana tacewa yadda aka nuna masa. Ba a jima ba ga ruwa ya iso, mai sanyi, mai daɗi. Filibus ya yi mamakin saurin hucewarsa, Kefas ya ce a inuwar dutse ya ajiye shi. Filibus ya sha ya ƙoshi, har ya sa masa albarka. Rana ta uku ma haka.

Da safiyar rana ta huɗu, ranar da za su ɗaure dammuna su koma gida, ba wanda ya iya miƙewa. Ciki ya murɗa, ga amai, ga gudawa. Filibus yana kwance a kan ciyawar da ya yanka, yana ta juya abin a ransa. An tace, an dafa, ya gani da idonsa. Daga bisani ya juya ya tambayi ƙanensa yadda ya yi da ruwan, daga fari har ƙarshe.

Kefas ya ce, “Na tafasa shi sosai, Yaya. Sai dai ya ƙi hucewa, ni kuwa ƙishi ya dame ni, sai na surka da moɗa ɗaya daga ƙorama. Ɗaya tak.”

Filibus ya rufe ido. Sa'an nan ya ce, “Da ka sha ɗanyensa kai kaɗai, da ya fi mana. Da yanzu akwai mai ƙarfin ɗaga wani.”

Da rarrafe ya tara kirare ya hura wuta. Ya dafa ruwa, ya zauna gabansa harshe a bushe, yana kallon tururi har ya huce da kansa. Ya zuba ɗan gishiri da sukari, ya riƙa ba Kefas kurɓi-kurɓi, shi ma yana sha. Kwana biyu suka ƙara a nan, guzuri ya ƙare. Jakin da aka kawo domin ya ɗauki shuci, shi ya ɗauko Kefas zuwa gida, Filibus yana biye yana dogara sanda. Kwana ɗaya da isarsu ruwan sama ya sauka. Ciyawar ta ruɓe a kwari inda suka bar ta, tsohuwa kuma ta yi daminar nan a madafar surukarta, matar Filibus, tsakanin tukwane da hayaƙi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ƙoramar nan ita ce tsohuwar rayuwar da muka baro, wadda har yanzu take yi mana kyau a ido. Wutar kuwa Maganar Allah ce, wadda take tsarkake mu. Ku lura, Kefas bai ƙi wuta ba. Ya ɗebo itace, ya sha hayaƙi, ya yi wahalar duka. Jira ne kawai ya gagare shi, moɗa ɗaya kuma ta mai da aikinsa banza.

Ni dai na gaji da jin “ɗan kaɗan ne”. Mutum ya yi addu'a a kan ciwon ɗansa, amsa ta yi jinkirin mako guda, sai a ga laya a ƙarƙashin matashi, kusa da Littafi Mai Tsarki. Wata ta ce ta gafarta wa maƙwabciyarta, amma ta ajiye magana ɗaya domin ranar faɗa. Mu fito daga sujada da waƙa a baki, kafin mu kai gindin mangwaron da ke ƙofar coci mun fara cin naman wani. In aka yi magana, sai a ce ai an tafasa.

Kada kuma ka ce cikinka ne, ba ruwan kowa. Tukunyar gidanka ba kai kaɗai kake sha ba. Matarka tana sha, 'ya'yanka suna sha, sun kuwa amince da kai, ba sa tambaya.

Saboda haka in Ubangiji ya ba ka abin da ya yi maka zafi a yau, kada ka ruga ƙorama neman abin surki. Ka rufe tukunyarka, ka zauna kusa da ita. Zai huce a lokacinsa, ka sha, ka tashi da ƙafafunka.