Makiyayin da Ya Koma Bayan Garke

Akwai wani mutum mai arziki da yake da garken tumaki a wata fadama, gefen gulbi. Yana da wata al'ada wadda maƙwabtansa ba su gane hikimarta ba: ba ya barin makiyayi ya dawwama a kan garke. Yakan aika a kira mutum da matarsa daga gonarsu, ya danƙa wa mijin sanda, ya danƙa wa matar kulawa da masu ciki da 'yan raguna, sa'an nan ya yanka musu wa'adi. In wa'adin ya cika sai ya sa musu albarka, ya sallame su, ya kira waɗansu.

Cikin waɗanda ya kira akwai wani dattijo manomi. Sa'ad da ya zo bai san kan kiwo ba, amma ya ba aikin zuciyarsa, har ya kai ga sanin kowace tunkiya da tafiyarta da irin tarinta. Yana da wani kira da yake yi musu daga can cikin maƙogwaro, wanda in ya yi shi, ko suna tsakiyar ɗanyar ciyawa sai sun ɗaga kai. Aljihunsa kuwa ba ya rabuwa da kanwa, gama tumaki suna son lasarta. Akwai wata tsohuwar tunkiya mai tsagaggen kunne, ita ke jan garken. Inda ta sa ƙafa, nan sauran ke sawa. Ya taɓa jinyarta sa'ad da ciwon kofato ya kwantar da ita, tun daga nan ta shaƙu da shi.

Da wa'adi ya cika, mai garke ya zo da kansa, ya ce, "Kun riƙe amana, kai da matarka. Madalla da ku. Ku koma gida ku huta."

Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, abinka ne. Ka ba mu, ka karɓa. Mun gode."

Ya miƙa sanda ga sabon makiyayi, wani magidanci mai sanyin hali da aka kira daga gari mai nisa, shi ma tare da matarsa. Dattijo bai yi gardama ba, bai ɓata fuska ba. Duk wanda ya gani ya yaba.

Sai dai gidan dattijon yana bakin hanyar mashaya. Kowace yamma yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in garke ya zo wucewa sai ya yi ɗan kiran nan nasa, ƙasa-ƙasa, kamar mai gyaran murya. Mai tsagaggen kunne ta juyo, saura su biyo ta, su cika masa ƙofa. Sabon makiyayi ya tsaya a tsakiyar hanya yana kira da tasa muryar, ba mai kula shi. Daga bisani ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, barka da yamma." Dattijo ya amsa da fara'a, ya ƙara da cewa a zamaninsa ba ta wannan gefen yake bi da su ba.

Ba mugunta ce ta sa shi ba. Mutumin da aka saba nema tun asuba, ya wayi gari ba mai sallama a ƙofarsa, shi kaɗai ya san tsawon yini. In tunkiyar nan ta sa hanci a tafin hannunsa, sai ya ji ashe bai ƙare ba tukuna.

Wata rana matarsa ta leƙo daga zaure, ta ce, "Malam, na ga an karɓi sanda, amma an manta ba a karɓi aljihu ba."

Ya ce, "Gaisuwa ce kawai. An hana gaisuwa ne?"

"Gaisuwar da ke tsayar da bawan Allah a hanya kamar baƙon da ya ɓata? Ni ma fa a cinyata na raini rabin waɗannan. Ka taɓa ganin na je leƙen turken matar sabon makiyayin?"

"Ke dai ba ki da tausayi."

Ta ce, "Ina da shi. Shi ya zaunar da ni a ɗaki."

Ya yi dariya, ya ce mata ta koma ga tukunyarta. Kashegari da yamma ya sake shimfiɗa tabarma.

Ana nan damina ta faɗi. Mai garke ya aiko cewa a ƙetare da tumaki zuwa tudu, hayin gulbi, gama in ruwa ya cika yakan shanye fadamar duka. Ranar tashi, da safe, aka ga gulbin ya yi ja, yana ɗauko kara da rassan itace, alamar an tafka ruwa a kan duwatsu. Dattijo ya ce zai je mashigi ya yi bankwana. Matarsa ta yafa mayafi ta bi shi.

Sabon makiyayi ya shiga ruwa har gwiwa, ya juyo ya yi kira. Mai tsagaggen kunne ta zo bakin ruwa, ta sunsuna, ta ɗaga ƙafa. Sai ta hangi dattijo a gindin wata bishiya. Ta juya ta nufe shi, garken duka ya biyo ta, suka kewaye shi suna kuka. Sabon makiyayi ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Ruwan da yake a gwiwarsa ya kai cinya.

Ya fito a jiƙe, ya miƙa sanda da hannu biyu, ya ce, "Baba, don girman Allah karɓi, ka shiga gaba. Kai suke ji. In muka ƙara jinkiri mashigin nan zai rufe, fadama ta cinye su."

Wannan ce maganar da zuciyar dattijo ta daɗe tana marmarin ji. Hannunsa har ya tashi. Sa'an nan ya dubi hayi. Bayan tudun can akwai waɗansu rafuka, akwai kuraye, shi kuwa ba zai kasance a can ba. In da muryarsa suka ƙetare yau, gobe za su dawo bakin gulbi suna nemansa, su faɗa ruwa a cike. Ya dubi mutumin da ke tsaye a gabansa yana rawar sanyi, ya gane cewa ba muryar mutumin ce ba ta da ƙarfi ba. Shi dattijon ne ya yi ta rage mata nauyi, kowace yamma, a ƙofar gidansa.

Ya ce, "Riƙe sandarka, ɗana. Ba ni na ba ka ba, ba ni zan karɓa ba." Ya zazzage kanwar aljihunsa duka a hannun mutumin. "Koma ruwa ka yi kira. Ko ba su motsa ba, kada ka fasa."

Sa'an nan ya karyo tsumagiya, ya zagaya bayan garke, ya kame bakinsa. Mai tsagaggen kunne ta biyo shi. Ya tsula mata a gefen ciki, shi da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ta tsaya tana dubansa. Ya ƙara mata. Ta juya, ba wata murya a duniya sai wadda ke fitowa daga cikin ruwa, ta faɗa ta nufe ta. Saura suka bi. Matar dattijo ta cire mayafi tana kora ta wancan gefe, matar sabon makiyayi ta ɗauki ƙananan 'yan raguna a kwando bisa kanta. Na ƙarshe suka fita da ƙyar, ruwa yana jan su.

A hayi suka girgiza jiki. Sabon makiyayi ya buɗe tafinsa, tsohuwar tunkiya ta lasa, ya yi kira, suka hau tudu a bayansa. Dattijo ya tsaya har kukansu ya ɓace.

Ya ce, "Ko waiwaye ba ta yi ba."

Matarsa ta ce, "To, ba abin da ka nema ke nan ba?"

Ya share fuskarsa da bakin riga. "Shi ne. Amma ban ce babu zafi ba."

Ta ce, "Zo mu tafi, Malam. Ƙasa ta jiƙa, gonarmu na jiran iri."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: mai garke shi ne Ubangiji, garken kuwa mu ne. Makiyayan da ake kira a sallama su ne bayinsa da yake ɗora wa hidima na ɗan lokaci. Haka al'amarin yake a haikali, ɗakin Ubangiji: akan kira dattijo ya zama shugaban haikali, a kira matarsa ta yi hidima tare da shi, su bar gidansu da sana'arsu, su yi aiki iyakar wa'adinsu. Daga nan a gode musu, a sallame su, a kira waɗansu. Ba don sun yi laifi ba ne, ba kuma don an sami waɗanda suka fi su ba. Don kowa ya sani ne cewa ɗakin ba nasu ba ne. Masana Larabci suna kiran abin da aka ba mutum ajiya wadi'a, ita da kalmarsu ta bankwana kuma daga tushe ɗaya suka fito: tun ranar da aka danƙa maka amana, ranar mayarwa tana cikinta.

Miƙa sanda ba shi ne abu mai wuya ba, gama ana yinsa a gaban jama'a, kunya ma ta isa ta sa mutum ya yi shi da kyau. Mai wuya shi ne aljihu. Kanwar nan ba haram ba ce: ƙauna ce, sabo ne, sanin sunan kowa da damuwarsa. Amma in wanda aka sallama ya ci gaba da karɓar kukan mutane a ƙofarsa, yana cewa, "A zamanina ba haka muke yi ba," to, yana rage nauyin muryar magajinsa alhali bai sani ba, sai ranar da ruwa ya taso. Kada mu zarge shi, mu tausaya masa, mu ziyarce shi, mu ci tuwo a gidansa. Amma wurinsa yanzu bayan garke ne, kuma wuri ne mai daraja: ya sa abin da yake da shi a hannun sabon, ya kore mu zuwa gare shi, ko da za mu ji haushinsa.

Wannan bai tsaya ga haikali kaɗai ba. Ya shafi shugaban reshen ikilisiya, da shugabar mata, da malamin wannan aji da kuke zaune a ciki. Ya kuma shafe mu, mu tumaki, gama dattijon nan bai ja kowa da igiya ba, da ƙafafunsu suka je. Ranar Lahadi akan karanta sunan wanda aka kira, mu ɗaga hannun dama mu ce mun goyi bayansa. Ɗaga hannu ba ya gajiyar da kowa. Sai kowannenmu ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: sa'ad da damuwa ta same ni a tsakiyar mako, ƙofar wa nake ƙwanƙwasawa?