Gwangwanaye Shida da Injin Tifa

Akwai wani direban tifa da 'yan unguwarsu ke kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta a gilashin motar. Tifar ta mahaifinsa ce. Tsohon ya yi shekara talatin yana kanikanci kafin idonsa ya yi rauni, ya miƙa wa ɗansa makulli ya koma zaman gida. Da motar nan ake ci, da ita ake biyan makarantar yara, babu wata hanya bayanta.

Motar ta tsufa ƙwarai. Hayaƙinta ya fi gudunta, baƙin mai kuwa sha take kamar ruwa. Mai gidan bulon da Injiniya ke kai wa yashi ya gaji da jira, ya ba shi kwana goma: ko ya gyara injin, ko a ba wani aikin.

Kai ta gareji ya fi ƙarfinsu, sai aka yanke a yi gyaran a gida. Aka kafa itace uku, aka rataya sarƙa, aka sauke injin a kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin rumfar kwano. Matar Injiniya ta kwance igiyar shanyarta tana mita, don ko ruwan randa sai da ya ɗauki warin man gas.

Da aka kai karanshaf wajen mai gurzawa, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, mutumin ya auna ya ce wannan gurzar ita ce ta ƙarshe. Ƙarfen ya siranta, idan ya sake samun rauni sai dai 'yan gwangwan. Irin injin kuma an daɗe da daina kawo shi kasuwa.

Baba ba ya gani sosai, amma hannunsa bai manta komai ba. Ya sa aka samo masa gwangwanayen madara shida, daidai da yawan fistin ɗin injin, ya jera a gindin bango. Na farko ya jefa tsakuwa ɗaya, na biyu biyu, haka har na shida. Duk sandar fistin da aka kwance, sai ya lalubi notinta da marfin da ke riƙe ta a jikin karanshaf ya zuba a gwangwanin da ya dace. Ya yi wa ɗansa bayani cewa kowane marfi tare aka ƙera shi da sandarsa, tare suka tsufa. A ido duk iri ɗaya ne, amma idan aka musanya za su shaƙe ƙarfen.

Injiniya yana jin wannan ya yi dariya. Ya ce shi ya kalli yadda ake haɗa inji a waya ya fi sau ashirin, bai ga mai ƙirga tsakuwa ba.

Ranar da Baba ya tafi asibiti karɓar maganin ido, gogan naku ya ga dama ta samu. Ya ɗauko babban daron wankin matarsa, ya cika da kananzir, ya juye gwangwanayen nan shida a ciki. Ya wanke komai tas, ya shanya a buhu, yana ta jin daɗin yadda ƙarfe ke sheƙi.

Tsohon ya dawo, ya tsuguna ya lalubi gindin bango, ya ji gwangwanaye wayam. Sannan ya roƙi ɗansa ya ba shi kwana biyu, zai bi marafan ɗaya bayan ɗaya da yatsa da farce har ya mayar da kowanne ga sandarsa.

"Baba, don Allah ka huta," in ji Injiniya. "Ƙarfe ƙarfe ne. Kai da ba ka bambance fuskar jikokinka, kai ne za ka bambance marfi?"

A gaban matarsa ya faɗi haka, da maƙwabcin da ya leƙo kallo. Wallahi ni mai ba ku labarin nan, duk abin da ya biyo baya bai yi mini ciwo kamar wannan maganar ba. Baba ya share hannunsa da tsumma, ya ja kujerarsa can nesa da rumfar ya zauna.

Duk da haka zuciyar uba ba ta bari. Da aka gama ɗaure komai, tsohon ya taso ya kama karanshaf ɗin ya gwada juyawa. Injin da aka haɗa daidai, ko sabbin kaya aka sa masa, hannu da sifana sun isa su juya shi. Wannan ko motsi bai yi ba. Ya ce a kwance tun ba a zuba mai ba, wuni ɗaya kawai za a rasa.

Injiniya ya ce sabbin kaya ne, dole su yi tauri, in suka ji zafi za su saki. Ya zura dogon bututu a sifanar ya hau da ƙafa har ƙarfen ya juya da ƙyar. Aka mayar da injin cikin mota. Batir ya kasa tayar da shi, sai da wata tifa ta ja su a titi. Da motar ta kama, ya zagaya unguwar sau uku yana danna ham, yana shaida wa kowa cewa shi kaɗai ya haɗa, babu hannun kowa a ciki.

Washegari ya yi lodin yashi har ya yi tozo, don ya nuna wa mai gidan bulo. A kan hawan da ke bayan kasuwa injin ya fara ƙwanƙwasa. Mai hankali da ya kashe nan take, shi kuwa ya ƙara taka totur. Sai ƙara kamar an harba bindiga. Sandar fistin ɗaya ta karye ta fasa cikin injin ta leƙo waje, baƙin mai ya malale a kwalta.

Da igiya aka jawo motar gida. Mai gurzawa ya zo ya leƙa, ya girgiza kai ya tafi, ko sifana bai nema ba. Kafin mako ya zagayo mai gidan bulo ya ɗauki wani direba. Matar Injiniya ta daina mita gaba ɗaya, kuma shirun nata ya fi mitar zafi. 'Yan unguwa ba su canza masa suna ba, sai dai yanzu in sun kira shi sukan ja sunan.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo yanka motar a ƙofar gida, Baba yana zaune a kujerarsa yana sauraron yadda wuta ke cin ƙarfen da ya yi rabin rayuwarsa yana lallaɓawa. Injiniya ya zo ya durƙusa a gabansa, ido ya raina fata.

"Baba, ka yafe mini."

"Tun ranar na yafe maka," in ji tsohon, bai ko juyo ba. "Amma yafiyata ba ta ɗaukar yashi, kuma yaran nan gobe ma za su ci abinci. Tashi ka nemi shebur."

Har yau Injiniya yana can bakin rafi, yana loda yashi a tifar mutane. Wanda ya karɓi aikinsa shi ke danna masa ham in ya ga yana nawa.

Darasi: Kada ka raina tsarin wanda ya riga ka a sana'a don kawai ba ka gane dalilinsa ba, balle in mahaifinka ne. Tambaya ba ta rage maka komai, girman kai kuwa yana iya cinye abincin gida guda, kuma yafiya ba ta dawo da abin da ya lalace. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fara ganin ya fi na gaba da shi sani, ko Allah zai sa ya ji tun injinsa bai buga ba.