Gwamnan da Ya Rufe Sashen Wankin Ƙoda

Alhaji Mika'il Tsamiya mutum ne mai fuska biyu: abin da yake ɗora wa talaka daban, abin da yake zaɓar wa kansa daban. Sau biyu ana tura shi majalisar wakilai, kuma a can ya yi suna da magana guda, cewa gwamnati ta cika shiga abin da bai shafe ta ba, a bar kowa ya tsaya da ƙafarsa. Jama'a sun gaji da ɓarna, suka ɗauka mai gyara ne, suka zaɓe shi gwamna.

Bai shekara a kujera ba ya rufe sashen wankin ƙoda ɗaya tilo na jihar, ya sayar da motocin ɗaukar marasa lafiya. Da likitoci suka je roƙo, sai ya ce musu, "Gwamnati ba uwar kowa ba ce."

A shekara ta uku wata ƙungiya a Paris ta gayyace shi karɓar lambar yabo. Kafin taron ya biya Lyon ganin ɗansa da ke karatu a Bron, wani gari da ke gefen birnin. A bakin titi ciwon ciki ya durƙusar da shi. Cikin mintuna kaɗan motar asibitin gwamnati ta zo ta ɗauke shi.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi Bahaushiya ce 'yar Damagaram, sunanta Kadidiatou. Yana murƙususu ya daka mata tsawa, "Kin san ko ni wane ne?"

Ta ce, "An faɗa mini, Alhaji. Amma tsohon can ya fi ka jin jiki, shi za a fara dubawa. Ka yi haƙuri."

Tsakuwa ce a ƙodarsa, aka cire. Da ya farfaɗo har da hawaye yake godiya. Kadidiatou ta ce, "Allah shi ƙara sauƙi. A jiharku ma haka ake kula da mutane?" Ya juyar da kai wajen bango.

Da safiyar ranar taron aka sallame shi, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Ya tsaya gaban jama'a ba ko kunya, ya ce asibitin gwamnati lalaci yake koya wa mutane. Aka tafa.

Sai wata ɗaliba 'yar jiharsa, Rose Benjamin, ta miƙe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, babana malamin firamare ne, shekara talatin yana koyarwa. Da ka rufe sashen ƙoda, sau biyu a mako muke kai shi wata jiha. A hanya ya rasu, kansa a cinyata."

Gwamna ya ɗaga hannu yana nuna ta da yatsa. "Yarinya, babanki ne bai yi tanadi ba. Wannan ba laifin gwamnati ba ne."

Hannun babbar rigarsa ya zame. A wuyan hannunsa ga farin zoben roba da asibiti ke ɗaura wa majinyaci, ya manta bai cire ba.

Rose ta ce, "To wannan fa, na wane asibiti ne?"

Gwamna ya shiga jan riga yana kame-kame. Wani dattijo ya tashi ya yi tsaki ya fice, wasu suka bi bayansa. Kafin gwamna ya koma gida, bidiyon ya shiga kowace waya a jihar. Ya fito takara karo na biyu, aka riƙa rufe masa ƙofa gari bayan gari. Ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba. Har yau bai nemi gafarar kowa ba, yana nan yana cewa maƙiya ne suka shirya masa.

Darasin a fili yake. Rage ɓarna a gwamnati abu ne mai kyau, amma duk shugaban da zai kafa wa mutane dokar da shi kansa ba zai iya zama a ƙarƙashinta ba, mayaudari ne. Kafin ka ba mutum ƙuri'arka, kada ka tsaya ga daɗin bakinsa. Duba inda yake gudu idan ciwo ya kama shi.