Idanun Tsahara da Marmaro Mai Tsami

Tun dajin da ke bayan duwatsun Gurzau bai san gatari ba, aka yi wani maharbi mai suna Arzika. Ana yi masa kirari da gagara dawa, mai kibiya ɗaya, angon Tsahara. Na ƙarshen nan ya fi so, domin babu abin da ya kai matarsa Tsahara a ransa. Shekara uku tana fama da ƙuraje da suka cinye mata baya da hannuwa, har ta daina shiga cikin mata.

Wata rana ya harbi gwanki, bai faɗi ba. Ya bi sawun jini har gindin wani baƙin dutse da tsofaffi ke cewa ya taɓa aman wuta. A can ya tarar da marmaro yana tururi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa da tsami kamar an jiƙa tsamiya. Gwankin ya shiga iya wuya, kansa a sama, ya ɗan jima ya fito. Kwana uku yana haka, raunin ya rufe. Arzika ya ƙyale shi, ya koma gida ya ɗauko Tsahara.

Maharban wancan zamani suna da doka: mai layu a jiki ba ya kallon mace tana wanka, ko da matarsa ce, don kada layun su karye. Arzika ya kai hannu zai cire nasa, sai ya tuna dajin na zakuna ne. Ya bar su, ya juya mata baya.

"Shiga ki wanke ko'ina," in ji shi. "Kada ki bar wuri."

Bai gaya mata cewa gwankin bai taɓa tsoma kansa ba. Ya gani da idonsa, ɗoki ya mantar da shi.

"Da zafi, 'yar gata?"

"Kaɗan, maigida."

"Daure, ki ƙara."

Ita kuwa a gidan da aka raine ta, mace ba ta kuka ko a wajen haihuwa. Ta nutsa kanta sau uku, idanunta suna ci da wuta, ta daure. Can sai ya ji muryarta a hankali.

"Maigida, hadari ne ya taso? Na ga gari ya yi duhu."

Rana tana tsaka a lokacin.

Cikin wata guda fatarta ta warke sumul, amma idanun ba su dawo ba. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, wannan kuma ya fi komai cin ransa. Takan tsokane shi ta ce, "To, yanzu aikinka ne ka riƙa gaya mini ko na yi kyau." Kullum sai ya gaya mata, hawaye na zuba, yana gyara murya don kada ta gane.

Arzika bai sake ɗaukar baka ba. Ya yi bukka a bakin marmaron ya ƙi tashi, yana tsoron wani ya zo ya shiga babu mai kallonsa. Masu ciwo suka riƙa zuwa, waɗanda suka warke suka yi gidaje, wurin ya zama Zangon Tsahara.

Har yau a garin babu mai shiga ruwan shi kaɗai. Yaro ne ko dattijo, sai wani nasa ya durƙusa a gaɓa, ido cikin ido, ya tallafe masa haɓa da tafin hannu har ya fito.