Waƙar da Kunne Bai Taɓa Ji Ba

Da aka kawo dokar rage wa mawaƙa haraji kan kuɗin ɗaukar waƙa, shugaban ofishin haraji, Alhaji Bawale, ya ɓata rai. Ya ce ba wanda zai samu rangwame sai ya kawo waƙar da kunne bai taɓa ji ba.

Sai ga Jatau mai gurmi da faifai.

Alhaji ya ce, "Kai da ka rera, ba ka ji ba?"

"Auduga na cusa a kunne, ranka ya daɗe. Mai ɗaukar kuma kurma na nemo."

"To, a kunna in tabbatar."

"In ka ji, ai kai ka karya sharaɗin."

"Me ke ciki?"

"Oho. Na dai san bakina ya yi ta kiran sunanka, kuma ranar raina a ɓace yake. In ka sa hannu, sharaɗinka ya hana kowa ji. In ka ƙi, gobe masu tura waƙa a waya za su baza ta a kasuwa."

Alhaji ya sa hannu, sannan ya rage murya. "Tsakaninmu, yabo ne ko zambo?"

"Soke sa hannun, mu saurara tare."

Alhaji ya jawo hatimi ya buga a kan sa hannun.