Kwanon Ɗakin Mai Jego

To jama'a, ku gyara zama, don babu mai tashi sai an yanke hukunci a kan wannan magana.

Haladu mai faci ne a bakin tasha. Shi da abokinsa Sallau suka haɗa hannu suka kama hayar gida mai ɗaki biyu, kowa da nasa. Da yake Sallau ne ya samo gidan, shi kaɗai Alhaji mai gidan ya sani. Duk shekara Haladu sai ya tara rabinsa ya danƙa wa Sallau ya kai, ba shaida ba komai, wai yana jin kunyar kiran mutum a kan abokinsa. Kun ji sakarci! Ashe an daɗe Sallau bai kai wa Alhaji ko sisi ba, haƙuri kawai yake kai masa.

Ana tsakiyar damina Hansatu matar Haladu ta haihu. Ko suna ba a yi ba, aka wayi gari ɗakin Sallau wayam, ya kwashe har tabarma. Kafin hantsi sai ga Alhaji da kafinta ɗauke da tsani.

"Alhaji, wallahi na biya nawa," in ji Haladu. "Mai jego ce a ciki, ka dubi Allah."

"Ni ban san ka ba, malam. Wanda na sani ya gudu. Isiyaku, hau ka yaye min kwanon nan."

Haladu ya dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ba shi da kowa a garin, ina zai kai mace mai ɗanyen jiki da jaririn da cibiyarsa ba ta faɗi ba?

Isiyaku kafinta ya hau, har ya fara zare ƙusa. Sai ya hango tukunyar ruwan wankan jego a kan murhu, ya kuma ji kukan jariri a ƙarƙashinsa. Ya mayar da ƙusar ya buge, ya sauko ya ce hannunsa ba zai iya ba. Duk aikin gidajen Alhaji shi ke yi, da shi yake ci da iyalinsa, kuma daga ranar aka raba shi da aikin. Alhaji ya tafi neman wani kafinta, bai samu ba sai bayan azahar.

Wannan ɗan jinkirin ne ya ba Haladu damar rugawa kotu wajen maƙwabcinsu Zubairu magatakarda, wanda shi ma a wani gidan Alhajin yake haya. Zubairu ya zo ya tsaya a gindin tsani. A gaban jama'a ya shaida wa Alhaji cewa doka ba ta yarda a yaye rufi a kan ɗan haya ba, sai an ba shi wa'adi, kuma alƙali ne ke tayar da mutum. Ya ce in aka taɓa kwanon nan, shi ne shaidar farko. Alhaji ya janye, ya ce ya ba su zuwa Juma'a. Ya kuma ce wa Zubairu in hayarsa ta ƙare ya nemi wani wuri.

Amma wa'adi ba biya ba ne, Haladu ya kasa ko cin abinci. Sai Mamuda, yayan Sallau, ya ji labari. Ya bi ƙanensa har ƙauye cikin ruwa, ya tiso ƙeyarsa zuwa gaban mai unguwa, ya sa shi ya faɗa da bakinsa cewa Haladu bai taɓa fashin biya ba. Kuɗi kuwa an cinye. Mamuda ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi ya biya Alhaji, mahaifiyarsu kuma ta daina amsa gaisuwarsa saboda ya tona asirin ɗan'uwansa. Alhaji ya amince Haladu ya ci gaba da zama da sunan kansa.

Ranar suna da safe aka raba goro, ga Isiyaku da Zubairu da Mamuda su ukun a kan tabarma ɗaya. Haladu ba shi da abin saka wa kowa, sai dai ya yi wa ɗaya takwara, ɗa kuwa ɗaya ne. Liman ya miƙo kunne yana jira, Haladu ya dubi wannan ya dubi wancan.

To, sunan wa zai raɗa masa?